Shirya rediyon ƙaramin jirgin sama kafin tashinsa na farko

Idan ƙaramin jirgin sama mai tashi da rimot ya rikito ƙasa, abin da mai shi yakan fara faɗa shi ne rediyo ya yanke. Na sha jin wannan magana a filin da muke tashin jiragenmu, kuma na sha tsugunawa tare da masu faɗinta muna tsince guntayen jirgi muna neman musabbabin faɗuwarsa. Abin da na fahimta daga irin wannan bincike shi ne rediyon wannan zamani da wuya ya yanke haka siddan. Mafi yawan lokuta, ko dai wutar da ke ciyar da na'urar karɓar saƙo ce ta gaza, ko eriya ce aka cusa a bayan batir, ko kuwa wani leɓe na fiffike ne yake motsi a baibai ba a lura ba. Duk waɗannan abubuwa ne da ake iya ganowa a kan tebur a gida tun jirgin bai taɓa iska ba, shi ya sa nake ganin aikin shirya rediyo ya fi cancantar natsuwa a kan fenti da kwalliyar da mutane ke ɓata kwanaki suna yi.

Kayan da ake magana a kansu ba su da yawa. Akwai rimot ɗin da matuƙi ke riƙewa, mai sanduna biyu da makunnai. Akwai risiba, wato ƙaramar na'urar da ke cikin jirgi tana karɓar saƙo. Akwai sarbo, ƙananan injuna masu hannu waɗanda ke turawa da janyo leɓɓan jirgi. Sai kuma na'urar da ake kira ESC, wadda ke zaune tsakanin batir da injin farfela tana ƙayyade gudunsa. Leɓɓan da ake sarrafawa a jirgin koyo iri uku ne: na bayan fikafikai biyu masu karkata jirgi dama ko hagu, na wutsiyar kwance mai ɗaga hanci ko sunkuyar da shi, da na wutsiyar tsaye mai juya hancin zuwa gefe. Idan aka haɗa da totur, tashoshi huɗu ke nan, kuma kowace tasha tana da nata gurbin a jikin risiba.

Masu shiga wannan harka a yau sun tarar da ita cikin sauƙi. Tagwayen nan na Amurka, Walter da William Good, waɗanda suka tashi jirginsu mai suna Guff da rediyo a ƙarshen shekarun 1930, da hannunsu suka harhaɗa na'urar aikawa da ta karɓa, kuma jirgin nasu yana ajiye a gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian. Bayansu an shafe shekaru masu yawa ana aiki da zangon 72 MHz a Amurka da na 35 MHz a Ingila da sauran ƙasashen Turai, inda kowane rimot ke da ɗan kiristal mai lambar tasharsa. Idan mutum biyu suka kunna rimot a tasha ɗaya, wanda jirginsa ke sama ya shiga uku, don haka kowane filin tashi yana da allo da ake ɗaukar alamar tasha kafin a kunna komai. A tsakiyar shekarun 2000 ne Spektrum, sannan Futaba da sauransu, suka kawo rediyon 2.4 GHz, wanda ke ƙulla kowace risiba da rimot guda, ta yadda mutane da yawa za su tashi jirage a lokaci ɗaya ba tare da saƙonsu ya cakuɗa ba. Wannan sauyi ya kawar da tsohuwar matsalar, amma ya zo da nasa sharuɗɗan game da wuta da eriya, waɗanda zan tsaya a kansu a gaba.

Kafin a taɓa komai, a cire farfela. Ba na sassauta wannan ga kowa, komai ƙwarewarsa, domin injin lantarki ba ya gargaɗi kafin ya tashi, kuma kuskure ɗaya a cikin saitin totur ya isa ya sa shi juyawa da dukkan ƙarfinsa a kan tebur, kusa da yatsu da fuska. Bayan haka a buɗe sabon gurbin jirgi a cikin ƙwaƙwalwar rimot, a sa masa suna, kada a gina saitin sabon jirgi a kan na tsoho, saboda tsohon yana iya ɗauke da juyin tasha ko gyaran da mutum ya riga ya manta da shi.

Akwai tsarin sanduna iri biyu da suka fi yawa. A tsari na 2, wanda shi ne ya fi yaɗuwa, sandar hagu ce ke riƙe da totur da wutsiyar tsaye, ta dama kuma tana riƙe da leɓɓan fikafikai da wutsiyar kwance. A tsari na 1 totur yana komawa dama, wutsiyar kwance ta koma hagu. Babu wanda ya fi wani, amma mai koyo ya zaɓi irin wanda malaminsa ke amfani da shi, don malamin ya iya karɓar rimot daga hannunsa idan abu ya ɓaci. Jerin tashoshi ma ya bambanta tsakanin kamfanoni: a Futaba da FlySky tasha ta 1 ta fikafikai ce, ta 2 wutsiyar kwance, ta 3 totur, ta 4 wutsiyar tsaye, alhali a Spektrum totur ne ke zuwa farko. Wayar kowane sarbo kuma igiya uku ce, ja a tsakiya mai ɗauke da wuta, baƙa ko ruwan ƙasa a gefe ɗaya, sai fara ko ruwan lemo mai ɗauke da saƙo a ɗaya gefen. Da yake ja tana tsakiya, soka fulogi a juye ba ya yawan ƙona komai, sai dai sarbon ya ƙi motsi.

Ƙulla risiba da rimot aiki ne na minti ɗaya. A irin FlySky FS-i6, wanda masu farawa da yawa ke saye saboda araharsa, ana soka ɗan fulogin ƙulli a gurbinsa na jikin risiba, a ba ta wuta, a danne maɓallin ƙulli na rimot sannan a kunna shi. Idan fitilar risiba ta daina ƙiftawa da sauri, a kashe komai, a zare fulogin. Daga nan har abada tsari ɗaya ne: rimot ake fara kunnawa kafin a jona batirin jirgi, kuma shi ake kashewa a ƙarshe.

Inda aka fi yin gaggawa, kuma inda na fi son a zauna, shi ne daidaita sarbo da hannunsa. Risiba tana aika wa sarbo ɗan bugun wuta kusan sau 50 a kowace daƙiƙa, tsawon bugun ne kuma ke gaya masa inda zai tsaya: wajen mikrosakan 1000 a ƙarshe ɗaya, 2000 a ɗaya ƙarshen, 1500 kuma a tsakiya, kodayake Futaba tana ɗaukar 1520 a matsayin tsakiyarta. Ma'anar wannan a aikace ita ce sarbo bai san tsakiyarsa ba sai an ba shi wuta da saƙo. Don haka a cire hannunsa tukuna, a kunna rimot da risiba tare da dukkan tirim, wato ƙananan maɓallan rimot masu ɗan gyara matsayin leɓe, a sifili, a bar sarbon ya tsaya inda ya ga dama, sannan a mayar da hannun ta yadda zai yi digiri 90 da sandar ƙarfen da ke tura leɓe. Idan haƙoran da ke haɗa hannun da sarbo ba su ba da daidai ba, a juya hannun ta ɗaya ɓangaren a sake gwadawa, domin sau da yawa hakan na kawo shi kusa. Bayan haka sai a daidaita tsawon sandar turin kanta, ta hanyar murɗa kanta ko gyara lanƙwasarta, har leɓen ya miƙe ɗoɗar da jikin fiffike. Rimot yana da wurin gyara tsakiya ta lantarki, kuma akwai jarabar a yi komai da shi saboda ya fi sauƙi, amma idan aka cika shi da yawa sarbon zai riƙa tafiya mai nisa a gefe ɗaya da gajeriya a ɗaya gefen, sai jirgin ya riƙa juyawa dama da sauri fiye da hagu, mai shi kuma ya rasa dalili. Ra'ayina shi ne duk abin da za a iya gyarawa da filaya da sukudireba a gyara shi a nan, a bar wa lantarki ɗan abin da ya rage.

Haka batun yake ga faɗin motsin leɓe. Hannun sarbo yana da huji da yawa, ƙahon da ke jikin leɓe ma haka. Idan aka matso da sandar turi zuwa hujin da ke kusa da cibiyar sarbo, ko aka kai ta hujin da ya fi nisa da leɓe a jikin ƙaho, motsin yana raguwa, ƙarfin riƙo kuma yana ƙaruwa. Wannan ya fi a bar sandar a hujin da ke ba da babban motsi sannan a rage shi zuwa kashi 40 cikin 100 a rimot, domin yin hakan zubar da ƙarfin sarbo ne da kuma laushin motsinsa. A tabbata hujin ƙahon yana daidai saman layin da leɓen ke lanƙwasawa, kuma a saurara: sarbon da ke gurnani idan sanda ta kai ƙarshe yana tura abin da ba zai matsa ba, yana zuƙar wuta yana yin zafi.

Sai duba alkiblar motsi, wanda ake yi a tsaye a bayan jirgi ana kallon inda hancinsa ke kallo. Idan aka tura sandar fikafikai dama, leɓen fiffiken dama ya ɗaga sama, na hagu ya sauka. Idan aka janyo sandar wutsiyar kwance zuwa ciki, leɓenta ya ɗaga. Idan aka tura sandar wutsiyar tsaye dama, leɓenta ya karkata dama. Wanda ya saba yi a baibai, a juya tasharsa a rimot. Ganin cewa leɓɓa suna motsi bai wadatar ba, domin ido yana gamsuwa da motsi kawai. Ni nakan furta abin da nake tsammanin gani da baki kafin in tura sandar. Jirgin da leɓɓan fikafikansa suka juye ba ya daɗewa a sama, saboda duk gyaran da matuƙi ya yi ƙara kifar da shi yake yi.

Game da yawan motsi, a bi ma'aunin da ke cikin takardar jirgin, a auna da rula a bakin leɓe. Yana da kyau a sa makunni ɗaya mai matsayi biyu, ƙaramin motsi na tashin farko da babba na gaba. Akwai kuma saitin eksfo, wanda ke tausasa motsi a kusa da tsakiyar sanda ba tare da rage iyakarsa ba, kuma kashi 20 zuwa 30 ya ishi mai koyo. A nan a yi hattara, domin a Futaba lamba mai alamar ragi ce ke tausasawa, a Spektrum kuwa mai alamar ƙari. Wanda ya kwafi lambar abokinsa ba tare da duba irin rimot ɗinsa ba zai sami jirgin da ya ƙara tsauri a daidai inda ake son ya yi laushi.

Yanzu ga maganar wuta, wadda a ganina ita ce uwar yawancin faɗuwar da ake ɗora wa rediyo. A ƙananan jirage risiba da sarbo ba su da batirin kansu. Daga babban batir suke sha, ta wani sashe na cikin ESC da ake kira BEC, wanda ke rage ƙarfin wutar zuwa bolt 5 ko kusa da haka. Risibar 2.4 GHz ƙaramar kwamfuta ce, kuma idan wutar da ke isa gare ta ta faɗi zuwa wajen bolt 3.5, ko da na ƙiftawar ido ne, mutuwa take yi ta sake tashi, a tsakanin nan kuwa jirgi ba shi da matuƙi. Abin da ke jawo faɗuwar wutar shi ne sarbo huɗu su nemi ƙarfi a lokaci guda, kamar yadda fitilu ke dusashewa a unguwa idan kowane gida ya kunna manyan kayan wuta a tare. Wannan kuwa yana faruwa ne a daidai lokacin da matuƙi ya fi bukatar jirginsa ya ji magana, wato sa'ad da yake fizgo shi daga nutso da gudu, iska na danne leɓɓa.

BEC iri biyu ne, kuma bambancinsu ya shafe mu ƙwarai a ƙasa mai zafi. Nau'in farko, mai araha, yana rage wuta ne ta hanyar mayar da rarar zafi. Batirin LiPo mai sel 3 idan ya cika yana da bolt 12.6, a cire 5, saura 7.6, don haka idan sarbo suka ja amfiya 1, wat 7.6 na zafi ne ke taruwa a kan ɗan guntun abin da bai kai farce ba, a cikin jikin jirgin soso mai riƙe zafi, a ranar da iskar waje kanta ta kai digiri 40 a watan Afrilu. Idan ya yi zafi da yawa yakan kashe kansa don kare kansa, kuma a lokacin da aka isa wurin da jirgin ya faɗi ya riga ya huce, komai yana aiki, sai a ce rediyo ne. Nau'i na biyu yana yanka wutar ne da sauri maimakon ƙona ta, don haka ba ya zafi sosai, kuma shi nake ba da shawarar a nema ga duk jirgin da ke da sarbo huɗu ko batir mai sel 3 zuwa sama. A karanta abin da aka rubuta a jikin ESC, a ga amfiya nawa BEC ɗinsa ke bayarwa. Gwajinsa a gida ba shi da wuya: a riƙa jujjuya sanduna biyu tare na tsawon minti ɗaya ko biyu, wani yana ɗan danne leɓɓan da yatsa, ana kallon fitilar risiba ko lambar bolt ɗin da wasu rimot ke nunawa a fuskarsu. Idan fitilar ta ƙifta ko sarbo suka daskare na ɗan lokaci, jirgin bai isa tashi ba.

Eriyar risiba ita ma tana da nata haƙƙin. Tsawon zangon 2.4 GHz kusan santimita 12.5 ne, kuma sashen da ke karɓar saƙo shi ne ɗan siririn ƙarshen wayar, mai tsawon milimita 31 ko kusa da haka, wato rubu'in zangon. Sauran wayar mai kauri hanya ce kawai. Wannan ɗan ƙarshen ba a yanke shi, ba a lanƙwasa shi, ba a kuma manna shi a jikin batir, inji, ESC ko sandar kabon, domin ƙarfe da kabon suna tare saƙo. Inda risiba ke da eriya biyu, a ware su su yi digiri 90 da juna, a kuma nisanta su gwargwadon hali, saboda jirgi yana juyi a sama, kuma a duk yanayin da ya shiga ana son aƙalla ɗaya daga cikinsu ta ga rimot. Guntun bututun shan lemo da aka manna a jikin jirgi yana riƙe eriya a miƙe sosai. A ɓangaren matuƙi kuma, saƙo ya fi rauni a daidai inda tsinin eriya ke nunawa, don haka nuna jirgi da tsinin eriyar rimot, wanda hannu ke son yi da kansa, shi ne mafi munin riƙo. Jikin mutum da bishiyoyi masu ganye suna shanye wannan zango saboda ruwan da ke cikinsu, shi ya sa ba a barin 'yan kallo su tsaya a gaban matuƙi.

ESC yana bukatar a koya masa iyakar totur. A mafi yawansu ana kai sanda sama gaba ɗaya, a jona batir, a jira ƙarar da zai yi, sannan a sauke sandar ƙasa a ji ƙarar tabbatarwa, amma takardarsa ce ke da maganar ƙarshe. Masu Futaba sukan bukaci juya tashar totur kafin wannan. A kuma ware makunni ɗaya na kashe inji, wanda idan yana kulle sandar totur ba ta da tasiri ko da hannun riga ya ture ta.

Saitin da na fi damuwa da shi, wanda kuma aka fi tsallakewa, shi ne shirin ko-ta-kwana, wato abin da risiba za ta yi idan ta daina jin rimot. Risiba da dama suna fitowa daga kamfani da ɗabi'ar riƙe umarnin ƙarshe da suka samu. Idan saƙo ya yanke a lokacin da totur ke sama, jirgin zai ci gaba da tafiya da ƙarfinsa har batir ya ƙare, kuma jirgin koyo mai daidaita kansa yana iya yin nisa sosai, ya sauka a kan titi ko cikin gidan mutane da farfela tana juyawa. Asarar jirgi a nan ƙaramin abu ce idan aka kwatanta da raunata wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Don haka dole a saita totur ya koma sifili. Sauran leɓɓa a mayar da su tsakiya. Wasu sukan ƙara ɗan karkata wutsiyar tsaye don jirgin ya riƙa kewaye yana saukowa a kusa, kuma hakan yana da ma'ana ga jirgin koyo, amma ban yarda da shi ba ga jirgi mai gudu, wanda ƙaramin karkata ke iya jefa shi cikin nutso. Yadda ake saitawa ya bambanta: a FlySky ana shiga jerin saitin risiba a ba kowace tasha matsayinta, a Spektrum kuwa matsayin da totur yake a lokacin ƙulli shi risiba ke riƙewa, wanda ke nufin duk wanda ya juya tashar totur bayan ƙulli sai ya sake ƙullawa. Kada a yarda da abin da fuskar rimot ta nuna sai an gwada: farfela a cire, a tada inji zuwa rabi, a kashe rimot, a ga injin ya tsaya cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan a kunna rimot a ga komai ya dawo.

Gwajin nisa ana yin sa ne a filin tashi, bayan an mayar da farfela an ɗaure ta da kyau. Yawancin rimot suna da yanayin da ke rage ƙarfin aikawa don wannan aiki. Wani ya riƙe jirgin a ɗage daga ƙasa, daga bayan farfela, matuƙi ya yi nisan taku 30, ya shiga wannan yanayin ya motsa sanduna, mai riƙon yana juya jirgin ta kowace fuska, hanci da wutsiya da ciki da gefe. A yi da inji a kashe, a sake yi yana gudu, domin akwai matsalolin da sai girgiza da hayaniyar lantarkin inji ke fito da su. Idan aka sami fuska ɗaya da sarbo ke rawa ko jinkiri, a sauya wurin eriya a maimaita, kuma a tabbata an fita daga yanayin gwajin kafin a tashi.

A tashin farko da wuya jirgi ya miƙe ba tare da an taɓa tirim ba, kuma yana da kyau wani gogagge ya tsaya kusa ya riƙa danna maɓallan yayin da matuƙi ke riƙe da sanduna. Bayan an sauka, a dubi inda kowane leɓe ya tsaya, a auna shi da rula, a mayar da tirim sifili, sannan a gyara tsawon sandar turi har leɓen ya koma wannan matsayin. Idan gyaran da wutsiyar kwance ta nema ya yi yawa, a fara duba wurin zaman batir da ma'aunin nauyin jirgin kafin a taɓa sandar turinta.